Godiya ta musamman ga ma'aikatan gandun Grand Canyon, daga ni da maigidana

Assalamu alaikum jama'a.

Wannan wasiƙar ta ma'aikatan gandun ƙasa na Grand Canyon ce da ke jihar Arizona a nan Amurka, musamman masu zama a teburin karɓar baƙi da 'yan sa-kai masu sintiri a hanyar Bright Angel, wato hanyar ƙafa da ke gangarawa cikin wannan ƙaton kwazazzabo. Na riga na rubuta musu 'yar gajeriyar godiya da Turanci na bar musu a ofis kafin mu taho, amma wallahi raina bai kwanta ba, don abin da ke zuciyata Turanci ba zai ɗauka ba. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta da yarena, ko ba su karanta ba mutanenmu za su karanta, kuma duk wanda Allah ya nufa da zuwa wajen ya san irin mutanen da zai tarar.

Ƙarshen watan Mayu muka je, ni da maigida mu biyu kawai, yara muka bar su wajen ƙanwata. Shekara goma sha biyu da aure, wannan ne karon farko da muka yi tafiya ba goyo ba jakar famfas. Jirgi muka hau zuwa Phoenix, daga nan muka ɗauki hayar mota muka yi arewa, tafiyar kusan awa huɗu har muka isa bakin kwazazzabon ta ɓangaren kudu. A ƙofa muka biya dala 35 kuɗin shiga da mota, wai na kwana bakwai ne. Da muka tsaya a wani wajen kallo da ake kira Mather Point na leƙa ƙasa, ni da ake ce min uwar surutu sai da na yi shiru, Subhanallah kawai nake ta maimaitawa. Hoto ƙarya yake yi muku wallahi. Rami ne mai tsawon kilomita 446, zurfinsa ya fi kilomita ɗaya da rabi, can ƙasa kogin Colorado kamar zaren da aka yar.

To a nan ne fa oga ya fara nasa. Shi ɗan Sakkwato ne, kuma duk wanda ya zauna da Basakkwace ya san yadda suke ji da kansu in ana maganar zafi. Yace gobe za mu sauka har bakin kogi mu taɓa ruwan mu dawo kafin magariba. Nace Alhaji anya kuwa? Yace haba Hajiya, ni da na yi azumi a Sakkwato a watan Afrilu, wane zafi ne Bature zai tsorata ni da shi.

Godiyata ta farko ga matar da muka samu a teburin ofishin baƙi. Da ya faɗa mata shirinsa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi masa irin kallon nan na kai baka san komai ba. Taswira ta shimfiɗa ta fara yi masa tambayoyi a hankali, yaushe rabonku da doguwar tafiyar ƙafa, ruwa lita nawa za ku ɗauka, me za ku ci a hanya, ƙarfe nawa za ku tashi. Sai ta bayyana mana abin da ni ban taɓa tunaninsa ba, wai nan ba kamar hawan dutse ba ne da kake fara wahala ka ƙare da sauƙi, nan da sauƙin ake farawa, kana gangarawa kana jin daɗi da sanyin safiya, sai ka gaji rana ta take sannan aikin gaske zai fara. Kuma saman yana da tudu wajen mita 2,100 shi yasa ake jin sanyi, amma duk yadda ka ƙara nutsawa ƙasa zafi ƙaruwa yake, can ƙasan kogi lokacin bazara yana wuce digiri 40. Tace duk awa ɗayan da ka yi a sauka ka ware biyu na hawowa, kuma su ba sa ba kowa shawarar zuwa kogi ya dawo a yini ɗaya. Daga ƙarshe da lallami da komai aka sasanta, za mu tsaya a wani zango da ke kan hanyar mai suna Havasupai Gardens, wajen kilomita bakwai daga sama, kuma mu tashi tun da asuba.

Asubar ce ba mu yi ba. Mun yi sallah mun ce bari mu ɗan kishingiɗa, sai farkawa muka yi bakwai ta wuce. Laifinmu ne wannan, ba na kowa ba.

Saukar kam daɗi, ba zan ɓoye ba. Hanyar tana ta lanƙwasa kamar maciji, ka bi ta cikin wasu 'yan ramuka biyu da aka huda a jikin dutse, launin duwatsun yana canjawa daga fari-fari zuwa ja kamar an zuba jan kanwa. Muka haɗu da ayarin alfadarai, mai jagorantar su yace mu raɓe ta jikin dutse mu tsaya cik har su wuce, don a hanyar alfadari ne ke da gaba. Warin kashinsu kuwa sai ya tuna min kasuwar dabbobi ta garinmu, har na ji wani irin kewar gida, kun ji abin dariya. Muka wuce rumfar hutawa ta farko da ke mil ɗaya da rabi, oga ko zama bai yi ba, ruwa kawai yake ta ɗirka, gora bayan gora, abinci kuwa yace shi ba ya jin yunwa. Ni dai ina ta ɗan tsintar gyaɗa mai gishiri da dabino daga jakata.

Kafin mu kai rumfa ta biyu, ta mil uku, na lura ya daina magana. Mutumin da tun sama yake min lacca kan zafin Sakkwato. Da muka isa ya zauna ya dafe kai, yace kansa na sara kuma zuciyarsa na tashi, sai ya ƙara ɗauko gora zai sha.

A nan ne Allah ya haɗa mu da wanda saboda shi na zauna rubuta duk wannan. Wani dattijo ne ɗan sa-kai, fari, gashinsa duk furfura, na tabbata ya girmi maigidana da shekara ashirin ko fiye, yana ɗauke da jaka da rediyon oba-oba. Daga baya na gane suna da wani sashe na musamman da aikinsu shi ne su tare matsala tun kafin ta kai ga a zo ceton mutum, su sauka hanya suna duba fuskokin mutane suna tambayarsu ina za su. Ya zo ya tsuguna gaban oga kamar sun saba, ya tambaye shi ruwa nawa ya sha, me ya ci tun safe. Da ya ji amsar sai yace a ɗan ajiye gorar tukuna. Ya bayyana mana cewa mutum in yana ta zufa gishirin jikinsa na fita, in kuma ya cika cikinsa da ruwa zalla ba ya cin komai to ɗan gishirin da ya rage ma sai ya tsinke, kuma alamunsa suna kama da na wanda zafi ya buga, shi yasa mutane ke ƙara shan ruwa suna ƙara wa kansu ciwo. Ni duk zamana a duniya ban taɓa jin ruwa na iya cutar da mutum haka ba, mu dai abin da muka sani a gida shi ne sha ruwa, sha ruwa.

Ya ciro biskit mai gishiri daga jakarsa ya ba shi, kuma abin da ya fi burge ni, kafin ya miƙa sai da ya juyo da bayan ledar ya nuna min abubuwan da aka haɗa a ciki, yace in duba ko akwai abin da ba ma ci. Hijabina kawai ya gani ya yi wannan tunanin, ban roƙe shi ba. Ya ga gyaɗata yace ai wannan ma magani ce, a ba shi ya ci. Sannan yace mu jiƙa kayanmu sharaf a famfon da ke wajen, ni har hijabin da hular da na ɗora a kai, wai auduga in ta jiƙe tana riƙe sanyi. Wallahi kamar an kunna min esi.

Sai da ya ga oga ya dawo hayyacinsa har ya fara wasa, sannan ya kawo maganar komawa. Kuma ga yadda ya yi ta, bai ce masa ba za ka iya ba. Cewa ya yi kwazazzabon nan ya yi miliyoyin shekaru a nan, zai jira ku zuwa wani zuwan, amma matarka tana buƙatar wanda zai raka ta sama yau. Kun ga wayo ko? Ya bar wa mutum girmansa. Oga ya kalle ni yace to Hajiya saboda ke zan haƙura. Nace na gode Alhaji, Allah ya saka. Ni da dattijon muka haɗa ido, kowa ya kau da kai.

Mun daɗe a inuwar rumfar, shi ya ce kar mu yi gaggawa, tsakanin goma na safe da huɗu na yamma ba lokacin wahalar da kai ba ne. A nan muka yi azahar da la'asar a haɗe a gefe, ba wanda ya kalle mu sau biyu. Kuregun wajen ne kawai suka dame mu, marasa kunya, har cikin jaka suke leƙawa, kuma an gargaɗe mu kar mu ba su komai don suna cizo. Hawowar da muka yi kuwa, abin da muka sauka cikin awa biyu sai da ya ci mana kusan biyar, taku kaɗan a tsaya, taku kaɗan a tsaya. Akwai maganar da suke yawan faɗa a wajen, wai sauka ganin dama ce, hawowa kuwa dole. A gwiwoyina na fahimci maganar.

Ina kuma gode wa waɗanda ba mu gansu ba. Ruwan da muka jiƙa kaya da shi a tsakiyar wannan ƙungurmin dutse, ashe daga wani marmaro ake jawo shi mai suna Roaring Springs can ɓangaren arewa, ta bututun da aka shimfiɗa tun shekarun 1960, ya ratsa ƙasan kwazazzabon sannan a turo shi sama. Wasu ne ke bin sa suna gyara in ya fashe. Da masu wanke banɗakunan rumfunan nan, don ni mace ce mai ƙyanƙyami amma ban sha wahala ba. Da direbobin bas ɗin kyauta, musamman matar da ke tuƙa bas ɗin jan layi da ta kai mu wani wajen kallo mai suna Hopi Point kallon faɗuwar rana washegari, ta ga yadda muke ɗingishi mu biyu ta yi dariya tace Bright Angel ko? Muka ce eh.

Sauran kwanakin a sama muka yi su, kuma ban yi da-na-sani ba. Wani matashin ma'aikaci ya nuna mana burbushin halittun teku a jikin dutsen da muke takawa, wai dutsen saman nan ya kai shekara miliyan 270 kuma a da ƙarƙashin teku yake, na can ƙasa kusa da kogi kuwa ya haura biliyan ɗaya da rabi. Ni lissafin ya fi ƙarfin kaina, Allahu Akbar kawai nace. Shi ne kuma ya nuna mana wata ƙatuwar ungulu da suke kira kondo tana shawagi, faɗin fukafukanta kusan mita uku, da lamba a maƙale a fiffike, yace a 1982 guda 22 kacal suka rage a duniya kafin a yi ta kiwonsu ana sakewa. Ban taɓa zaton zan tsaya ina yi wa ungulu murna ba. Kuma da na tambaye shi sunan Havasupai Gardens ɗin da ba mu kai ba, bai yi kwana-kwana ba, yace wajen gonakin ƙabilar Havasupai ne, hukumar gandun ce ta tashe su a shekarun 1920, sai a 2022 aka canja sunan daga Indian Garden bisa roƙon su. Na ji daɗin yadda ya faɗi gaskiya a kan ma'aikatarsa ba tare da ya murguɗa ta ba, ba ko'ina ake samun haka ba.

Dattijo mai biskit, ban riƙe sunanka ba, a ruɗe nake lokacin, ka yafe ni. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya da ƙarfin gwiwa, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ledar biskit ɗin tana nan cikin jakata har yau ban yar ba, ita nake ciro wa oga duk ranar da ya fara labarin Sakkwato.

Yanzu wai Oktoba yake so mu koma, yace wannan karon sai ya ga gonakin nan da idonsa. Nace na yarda, amma ni zan riƙe agogon ƙararrawa kuma ni zan haɗa jakar abinci.

Taku,
wata 'yar'uwarku daga Amurka, da maigidanta wanda yace in rubuta cewa shi dama ba wani ciwo ya yi ba