Wasiƙa daga Liyon zuwa ga Autanmu a Garwa

Assalamu alaikum Auta. Ina fatan kana lafiya, kai da Baba da Inna da duk mutanen gida. Nan Liyon sanyi ya fara shigowa, amma lafiya ƙalau nake, alhamdu lillahi.

Na karanta manhajar adashen da kake rubuta wa su Inna, tun daga farko har ƙarshe, kuma na ji daɗi da ka zaɓi GraphQL, wato yaren da manhaja ke neman bayanai da shi daga sabar, kwamfutar da ke ba da amsa. Facebook suka ƙirƙiro shi a 2012 saboda manhajarsu ta waya, suka sake shi ga kowa a 2015. Waya takan nemi abin da take so kaɗai, ba ƙari, kuma wannan ya dace da wurin da intanet ke yawan yankewa, ga tsadar kati.

Amma akwai abin da ya dame ni. Ka san kowane gurbi yana da ɗan aikensa mai ɗebo masa amsa: na suna daban, na lambar waya daban, na zubi daban, na bashi daban. Ka sa binciken izini idan aka nemi bayanin mace kai tsaye, ba ka sa ba idan aka biyo ta jerin 'yan ƙungiya. Ke nan duk wadda ta shiga za ta iya ganin bashin da ake bin kowa. Auta, waɗannan matan makwabta ne, suna haɗuwa a biki da suna da kasuwa. Idan asirin bashin mace ɗaya ya fita, adashen ya watse, kuma Inna ce za ta ji kunya, don da bakinta ta ce su amince da kai.

Kada ka bi gurabe ɗaya bayan ɗaya kana liƙa bincike, wata rana za ka ƙara sabo ka manta. Ka rubuta ɗan tsakani guda, ya zama kamar zauren gidanmu: baƙo ba ya isa ɗakin Inna sai ya yi sallama a nan. A Graphene da kake aiki da shi, wato kayan aikin rubuta GraphQL da yaren Python, ɗan tsakanin yana karɓar next da root da info da sauran abin da aka turo. Cikin info za ka ga sunan gurbin da ake nema da wanda ke nema. In ya cancanta, ka kira next ya wuce. In bai cancanta ba, ka mayar da kuskure. Bayan amsa ta dawo ma kana iya taɓa ta, misali ka rufe tsakiyar lambar waya.

Sai dai yana da nauyi, domin a kan kowane gurbi yake tashi, har na suna. Mata 40, kowace da gurbi 6, kira 240 ke nan a tambaya ɗaya. Saboda haka abu na farko da zai duba shi ne ko gurbin yana cikin masu tsaro, in ba ya ciki ya sake shi nan take. Kuma kada ya riƙa zuwa rumbun bayanai yana tambayar wace ce wannan. Ka gano ta sau ɗaya tun shigowar buƙata, ka ajiye a context, wato ma'ajiyar da duk gurabe ke iya dubawa a buƙata ɗaya.

Ka kula da alamar motsin rai (!) da ka sa a gurbin bashi, mai cewa ba zai taɓa zama fanko ba. In ɗan tsakani ya hana shi, fankon zai haura sama ya share bayanin matar gaba ɗaya. Cire ta. Sannan sabar tana iya dawo da lambar 200, mai nufin komai ya tafi daidai, alhali akwai kuskure a jikin amsar, to manhajar waya ta riƙa duba errors, sashen kurakurai na amsar.

Gyara wannan kafin ka sa wa kowa a waya, ka turo min in sake dubawa ranar Lahadi.

Kuɗin maganin Baba za su iso ƙarshen wata, in sha Allahu. Ka gaishe shi da jiki, ka ce wa Inna ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida Goggo da su Kawu.

Wassalam,
Yayanka