Dattawanmu da Kuɗin Waya a Gadarif

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan yadda Hausawan Gadarif da ke gabashin Sudan suka rungumi biyan kuɗi ta waya. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, dattawanmu manoman riɗi ba sa yarda da kuɗin da hannu bai taɓa ba. Da takardun fam suka yi ƙaranci, tafiya da su kuma ta zama kasada, sai manhajar Bankak ta Bankin Khartum ta kai har teburin mai shayi. Canjin kuɗi na Disambar 2024, wanda ya sa dole a zuba tsofaffin takardu a asusu, ya ƙara ingiza jama'a.

Amma a ganina yarda ce ta fi tasiri. Dattijo ba ya sauraron talla. Sai ya ga maƙwabcinsa ya karɓi kuɗin riɗinsa lafiya lau, ko jikansa ɗalibi ya zauna ya nuna masa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mata da tsofaffin da ba su da lambar ɗan ƙasa ko babbar waya. Asusun wani suke ara, wani lokacin har a zaftare musu kaso. Ina roƙon bankuna su sauƙaƙa buɗe asusu, su kuma turo masu bayani da Hausa cikin kasuwanninmu.

Naka,
Mai karatu daga Gadarif, Sudan