Takardar Koke Kan Tsohon Gidan Jan Bulo Na Bayan Garin Zungeru

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da masu unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu talakawanka ne, manoman da gonakinsu ke kewaye da tsohon gidan jan bulon nan na bayan gari, tare da dattawa da malaman makaranta da matasa. Mun durƙusa gabanka da kuka, idan harshenmu ya yi kaifi a gafarce mu, tura ce ta kai bango.

A daren Larabar da ta wuce wata tifa ta shigo ta hanyar gona, ko fitila ba ta kunna ba. Kafin kiran assalatu an rushe ginshiƙai biyu na barandar gabas, an kwashe bulon, an ɓalle ƙarfen tagar da ya rage. Wanda ba su iya ɗauka ba suka farfasa shi suka watsar. Motar kuma ta bi ta kan dawar wani dattijo daga cikinmu, kunya bakwai ta kwantar. Ranka ya daɗe, wannan ba aikin yaro mai baro ba ne. Mutum ne mai kuɗin hayar mota da leburori, wanda ya tabbata ba mai tambayarsa. Yanzu bangon gabas ya tsage daga sama har ƙasa, ga damina ba ta ƙare ba.

Allah ya taimake ka, wanda ya taɓa shiga gidan nan ya san ba kango ne kawai ba. Bulonsa ƙonanne ne, ya sha ruwan sama fiye da shekara 100, amma ka ƙwanƙwasa shi ka ji yana amo. An ɗaga daɓensa daga ƙasa saboda damshi da gara. Baranda ta zagaye shi don kada rana ta bugi bango, tagogi kuma suna kallon juna, iska na ratsawa. Ko yanzu da kwanon rufin ya tafi, manomi kan fake a inuwarsa da zafin bazara ya sha fura. Maginanmu kan je su tsaya suna kallon yadda aka jera bulon, layi bai kauce ba.

Ba don son Bature muke wannan kuka ba. A 1902 Lugga, Baturen da ke mulkin Arewa a lokacin, ya mayar da Zungeru hedikwatar Arewa. Daga garin nan umarni ya fita aka ci Kano a watan Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada. Daga nan aka ba da umarnin murƙushe mutanen Satiru da suka yi wa Turawa tawaye a 1906. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Zungeru ce dai hedikwata lokacin da aka tura sojojin ƙasar nan Kamaru su yaƙi Jamus. Kakanninmu sun ba mu labari cewa hafsoshin soja sun zauna a gidan nan, kuma a filin gabansa ake tara 'yan dako kafin tafiya, waɗansu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Wa ya haƙo yumɓun? Wa ya ƙona bulon, wa ya ɗauko shi a ka? Iyayenmu ne. Guminsu ne tifar nan ta kwashe.

Garin nan ya sha rabuwa da kayansa. An mayar da hedikwata Kaduna, a 1954 aka cire gadar Lugga ita ma aka kai ta can. Aƙalla ita tana can ana ganinta. Bulon nan kuwa a katangar wani zai ƙare, ko a harsashin shago.

Mun yi magana, ranka ya daɗe, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mun rubuta, mun kai da ƙafa, an zo an ɗauki hotuna, an ce za a kewaye wurin, an ce za a sa maigadi. Har mun daina ƙirga alkawuran. Lokacin da aka sace ƙofofi mun yi shiru, da 'yan jari-bola suka kwance kwano muka haƙura.

Muna roƙonka, don Allah don Annabi, ka sa a binciko mai tifar nan, a dawo da bulon, a biya dattijon nan dawarsa. Mota ba allura ba ce, wani ya gan ta. Ka sa a yi shela a masallatai da coci-coci da kasuwa cewa duk wanda ya ɗauki ko bulo ɗaya zai gurfana gabanka. A ba 'yan sintirinmu izini su riƙa kwana a wurin. Ka kai maganar gaba ga hukumar da ke kula da kayan tarihi, domin muryarka tana isa inda tamu ba ta isa. Bangon gabas kuwa, idan ka ba da izini, maginanmu sun ce za su tokare shi kyauta a wannan makon. Kuma a nemo mai tifar nan, ranka ya daɗe, kafin ya dawo ɗaukar sauran.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne talakawanka,
Manoma, dattawa, malamai da matasan bayan garin Zungeru.