A fara tantance inda ruwan zai koma kafin a kafa tashar lantarki a teku

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in tofa albarkacin bakina kan samar da wutar lantarki daga bambancin ɗumi da sanyin ruwan teku, wadda ake yawan yabawa ba tare da an dubi halin da za ta bar tekun a ciki ba.

Dabarar tsohuwa ce, domin tun a 1881 masanin kimiyyar Faransa d'Arsonval ya kawo shawararta, ɗalibinsa Georges Claude kuma ya gwada ta a Matanzas da ke Kuba a 1930. Ruwan saman teku mai ɗumi ne ke mayar da sinadarin amoniya tururi ya juya injin, sannan a janyo ruwan sanyi daga zurfin kusan mita 1,000 ya huce tururin, muddin bambancin ɗumin ruwan sama da na ƙasa ya kai digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Ba ruwanta da dare ko hadari, shi ya sa tsibiran da ke ƙona man dizil suke kwaɗayinta, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai dai wajen kashi 3 cikin 100 na zafin ne kawai ke zama wuta, saboda haka dole a riƙa zuƙar ruwa mai ɗimbin yawa, har tashar megawat 100 kan buƙaci bututu mai faɗin kusan mita 10. Ruwan ƙasan teku kuwa cike yake da naitiret da fosfet, irin sinadaran da ke cikin takin zamani, kuma idan aka kwarara shi a inda hasken rana ke kaiwa, gansakuka na iya bunƙasa ta sauya abincin kifaye. Ga ƙwan kifi da 'ya'yansa da bututun zuƙar ruwan saman teku ke haɗiyewa, ga kuma kulorin da ake zubawa domin kada datti ya toshe injuna.

Tashoshin gwaji na tsibirin Kumejima a Japan, wadda ta fara aiki a 2013, da ta Hawai a 2015, ƙarfinsu bai wuce kilowat 100 da 'yan kai ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na babbar tasha. Rashin ganin ɓarna a wurinsu ba hujja ba ce ga abin da ya ninka su sau dubu.

Amurka ta kafa doka tun a 1980 da ta ɗora wa hukumar kula da teku da yanayi ta ƙasar, wato NOAA, alhakin ba da lasisin irin waɗannan tashoshi, tun babu ko ɗaya ta kasuwanci. Ina ganin duk ƙasar da ke da wannan niyya ta bi sahu, ta auna igiyar ruwa da lokacin da kifi ke ƙwai na aƙalla shekara guda kafin a fara gini, ta saurari masunta, sannan ta rubuta zurfin da za a mayar da ruwan a cikin lasisin kansa, tare da ikon dakatar da tashar idan awon ya nuna sauyi.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum.