Rahoton kwamiti kan gyaran ɗakin karatu da asusun tunawa da Marigayiya

Assalamu alaikum. Kwamitin da aka ɗora wa gyaran tsohon ɗakin ajiya na makarantarmu ta 'yan mata yana sanar da iyaye da malamai da duk wanda ya sa hannu cewa aiki ya kammala, an miƙa makulli ga shugabar makaranta. Ɗakin ya koma na karatu. Ragowar kuɗin kuma an buɗe asusun tallafin karatu da shi don tunawa da mahaifiyar bayin Allahn da suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.

A zaman farko mun rabu biyu. Wasu suka ce a rushe a tayar da sabo, abin da zai dace da darajarta. Babbar 'yarta ce ta kashe maganar. Ta ce mahaifiyarsu ba ta taɓa yar da abin da zai gyaru ba, kuma ginin da zai cinye kuɗin yara ba zai faranta mata rai ba. Sai muka kira injiniya ya duba ko ɗakin zai gyaru.

Ya ce zai gyaru. Tsagar bangon gabas a filasta kawai ta tsaya. Ta arewa ce mai haɗari, don ta gangara har harsashi: shekara da shekaru ruwan kwano yana zuba a gindin bangon, ƙasa ta yi laushi, kusurwa ta zauna. An haƙa ƙarƙashinta kaɗan-kaɗan, ana cikawa da kankare, awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. An yi kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma, kuma injiniya ya hana a ɗora masa nauyi sai da ya cika kwana 28, lokacin da kankare yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. A wannan tsakanin ne aka fara cewa kwamiti ya ci kuɗi ya yi shiru. Mun ji, ba mu kuma sa magini ya yi gaggawa ba.

Bulon da aka fara kawo mana bai shiga ginin ba. Birkila ya ɗaga guda daidai ƙirjinsa ya saki, ya tarwatse kamar garin yashi, ya murza gutsuren da yatsa ya nuna mana. An mayar wa mai shi kayansa gaba ɗaya, aka sayo a wani wuri.

Sauran aikin ya tafi salin-alin. Katakon rufi gara ta cinye shi, an sauya duka an shafa masa magani, aka buga sabon kwano da silin. An faɗaɗa tagogi aka zuba musu linta da rodi, an sake daɓe, an yi fenti mai haske. An kewaye gindin ginin da kankare da magudana don kada ciwon ya dawo. Akwai sola da batir da ke riƙe fitilu da fankoki.

Game da tallafin, sai an san wace ce Marigayiya kafin a gane sharaɗinsa. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana da keken ɗinki. Da shi ta biya kuɗin makarantarsu, tana ɗinki har dare ya raba, wani zangon ta biya rabi ta je da kanta ta roƙi a yi mata haƙuri da sauran. Ba ta yarda ko ɗaya ya zauna a gida ba. Sai da autanta ya gama sakandare ta shiga ajin yaƙi da jahilci, idonta ya riga ya yi rauni, ta maimaita aji ba ta ji kunya ba, har ta iya karanta wasiƙar 'ya'yanta da kanta.

Shi ya sa ba ta ɗaya a aji muke nema ba. Tallafin na yarinyar da karatunta ya yanke ne, saboda rasuwar uba ko uwa ko rashin hali, ta kuma dawo ko take son dawowa. Wani daga cikinmu ya ce hakan zai rage wa masu ƙoƙari ƙwarin gwiwa. Maganarsa tana da hujja, amma mai zuwa ta ɗaya tana da masu tuna ta ranar rabon kyaututtuka, wadda ta ɓace daga rajista kuwa ba mai cigiyarta.

Ba a ba kowa kuɗi a hannu. Asusun zai biya makaranta kai tsaye, da rajistar jarrabawa, da littattafai da kayan makaranta, kuma ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum uku: wakilin iyalin, shugabar makaranta da wakiliyar iyaye mata. Iyalin sun yi alkawarin ƙara wa asusun duk shekara.

Abin da bai kammala ba shi ne kantocin littattafai, rabinsu wayam suke. Mai littafin da yaransa suka gama da shi ya kai ofishin shugabar makaranta. A can ne kuma littafin shiga da fitar kuɗi yake tare da rasitai, duk wanda ya ba da gudummawa yana da damar dubawa.