A riƙa gwada maza kafin a ɗora wa mata laifin rashin haihuwa

Ya Edita,

Ina gaisuwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, wanda ya ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A nan Maradi, in aure ya shekara uku shiru, matar ake ɗura wa jiƙe-jiƙe da rubutu, daga nan sai zancen kishiya. Na san gidan da aka ƙaro amarya har sau biyu, maigidan kuwa bai taɓa taka asibiti ba. Alhali sau da yawa matsalar daga maniyyin namiji take.

Kuma akwai mafita. Tun 1992 likitoci a Beljiyam suka fara ɗaukar ƙwayar maniyyi guda ɗaya da siririyar allura, su sanya ta cikin ƙwan mace, in ya haɗu a mayar mahaifa. Aikin yana da tsada, ba kullum ake dacewa ba, amma malamai da dama sun halatta shi tsakanin miji da matarsa.

Ina roƙon hukumomin lafiya su sauƙaƙa gwajin maniyyi a asibitocinmu, likitoci kuma su riƙa duba miji da mata tare tun zuwan farko.

Naku,
Mai karatu daga Maradi