Motar da ta dace da mai sana'ar gyaran lambu

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin 'yan'uwana masu gyaran lambu da shuka furanni a gidajen jama'a, waɗanda suka tara kuɗi don sayen motar aiki. Yawancinmu idonmu yana kan Toyota Hilux, kuma babu mai musun ƙarfinta, amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, man da babbar mota ke sha yana cinye kaso mai yawa na ladan wuni.

Kayanmu na kullum ba su wuce injin yankan ciyawa, da shebur, da almakashi, da buhunan taki, da tukwanen furanni ba. Ƙaramar a-kori-kura irin Daihatsu Hijet tana ɗaukar waɗannan duka, tana shiga lungun da babbar mota ba ta iya juyawa, kuma bayanta a buɗe yake, wanke shi ba wuya. Ranar da aiki ya buƙaci ƙasa mai yawa, hayar tifa ta fi a karya wa ƙaramar motar sifirin.

Kafin mutum ya biya, ya tafi da bakanike ya duba masa tsatsar ƙasan motar, domin jiƙaƙƙen taki yana cin ƙarfe, sannan ya leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano ya tabbatar akwai kayan gyaranta.

Naka,
Mai gyaran lambu, Kano